Yadda littafin awon Kawu ya koma cikin waya

Ni tela ne. A Fagge na tashi, unguwar da idan azumi ya raba tsakiya ba ka jin komai cikin dare sai kukan keken ɗinki da na janareta. Ina aji huɗu na firamare mahaifiyata ta kama hannuna ta kai ni shagon wanta, ta ce masa ga ɗanka nan. Da guga na fara, sai ɗaura maɓalli, sai bakin wando, kafin Kawu ya yarda na taɓa almakashi. Daga baya na yi difloma a fannin akanta, na zaga da takardu har na gaji, na dawo kan kekena. Ban taɓa karanta kwamfuta ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne don duk wanda zai karanta abin da ya biyo baya ya san wane ne ke magana.

Dukiyar shagonmu ba kekuna ba ce, littattafan awo ne. Guda tara ne, manya masu bangon kwali, na farkon ya girme ni. A ciki akwai tsayin riga, kafaɗa, hannu, wuya, ƙirji da tsayin wando na mutanen da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma Kawu ya fara auna su suna ƙanana yanzu su ke kawo nasu 'ya'yan. Muna da manyan mutane a Abuja da Legas da suka shekara biyar ba su tako shagon ba. Direba ne zai kawo shadda, a buɗe littafi, a yanka.

A watan Agustan 2024 aka yi wani ruwan dare mai ƙarfi, kwanon shago ya yi yoyo daidai kan kantar da littattafan suke. Da safe muka tarar uku sun jiƙe sharkaf, tawadar biro ta narke, shafuka sun manne. Muka shanya su a rana shafi-shafi, abin da ya tsira bai kai rabi ba. Sai muka shiga kiran mutane muna ba su haƙuri su zo a sake gwada su. Wani Alhaji da Kawu ya yi wa ɗinki fiye da shekara ashirin ya ce ba shi da lokacin zuwa Kano don awo, ya koma wurin wani tela a can Abuja. Kawu bai ce uffan ba, amma kwana biyu ban ga ya ci abincin kirki ba.

A watan Oktoba kuma aka lalata layin wutar da ke tasowa daga Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda. Litar fetur ta haura naira dubu, ba kowane aiki ne zai biya kuɗin tayar da inji ba. Injin surfani ya tsaya, muka koma dutsen guga na gawayi. A zaman banzan nan ne na fara kwafe sauran littattafan cikin wayata, ina rubutawa kamar saƙo. Na yi mutum ɗari da wani abu na ga ba ta ɓullewa, don in ka zo neman mutum sai ka yi ta jan allo har ranka ya ɓaci.

Wani abokina mai sana'ar POS ne ya nuna mini hanya a watan Disamba. Ya ce yanzu akwai dandalin da za ka gaya wa ƙirƙirarriyar basira irin manhajar da kake so, da magana irin ta mutane, ita kuma ta gina maka. Ya lissafa mini Replit da Lovable da Bolt, waɗanda duk a ƙarshen wannan shekarar labarinsu ya fara yaɗuwa. Ba zan faɗi wanda na ɗauka ba, don ba talla na zo yi ba, kuma matsalar da zan ba da labarinta a gaba tawa ce kafin ta zama ta kowa.

Yadda abin yake, allon ya rabu biyu. A gefe ɗaya kana rubutu kamar kana hira a WhatsApp, a ɗaya gefen manhajar tana fitowa a gabanka. Na aro kwamfutar abokin nawa bayan sallar isha'i, na rubuta da ɗan Turancin da nake da shi cewa ni tela ne, ina son wurin da zan ajiye sunan kwastoma da lambarsa da awonsa, da irin yadin da ya kawo, da kuɗin ɗinki, da abin da ya bayar, da ranar da zai karɓa. Ko minti goma ba a yi ba sai ga shi. Na danna, na sa sunana, na sa awona, na rufe, na sake buɗewa na tarar yana nan. Na daɗe ina kallon allon. Na taɓa tambayar wani mai wannan sana'a abin da zai karɓa ya yi mini irin haka, kuɗin da ya faɗa sun fi kuɗin sabon injin surfani.

Sai dai abin da ya fito a daren nan ba shi aka yi kasuwanci da shi ba. Wata biyu na yi ina gyara, kuma a nan na gane cewa na'urar ta san rubuta manhaja amma ba ta san ɗinki ba. Farkon abin da ya faru, na sa kafaɗa inci goma sha takwas da rabi, ta mayar mini sha tara. Rabin inci a kafaɗa shi ne bambancin rigar da ta zauna da wadda ta zube. Na gaya mata, ta gyara. Sai batun suna. Ita a tunaninta suna ɗaya mutum ɗaya ne, alhali a littafinmu masu suna Muhammad kaɗai sun cika shafuka. Kawu da laƙabi yake gane mutane, wane na Kwari, wane mai goro, wane ƙanen liman. Na sa aka ƙara gurbin laƙabi. Sannan uba ɗaya zai zo da yara bakwai a kan lambar waya ɗaya, ita kuma ta ƙi karɓar lamba sau biyu. Dole aka sake tsarin ya zama gida ne ke da lamba, mutane kuma suna ƙarƙashin gida.

Da na ce ta mayar da komai Hausa, ta mayar, amma Hausar ba wadda ake yi a bakin keke ba ce. Kuɗin da kwastoma ke fara bayarwa ta kira shi ajiya. Na goge na rubuta kafin alƙalami. Haka na bi kalma-kalma: ciko, an yanka, yana wurin mai aiki, saura guga, ya kammala, an karɓa. Na yi imani wannan ne ya sa teloli suka karɓe ta daga baya. Mutum ya buɗe ya ga maganar bakinsa.

Abin da na fi alfahari da shi kuwa wani ɗan jan layi ne. Kowa ya san abin da ake faɗa a kanmu teloli idan Sallah ta matso, kuma ba duka ne ƙazafi ba. Na ga magidanci ya zo daren Sallah da yara uku a bayansa, ya tarar ko yanka yadinsu ba a yi ba. Na ga yadda ƙaramin ya kalli ubansa. Yawancinmu ba da niyyar yaudara muke karɓar aiki ba, lissafi ne babu. Mutum yana karɓa yana cewa in sha Allahu, bai san ya riga ya ɗauki abin da ya ninka ƙarfinsa ba. Sai na sa manhajar ta tambayi kowane shago kaya nawa yake iya gamawa a rana, ta riƙa ƙirga abin da aka karɓa da kwanakin da suka rage. Da zarar alƙawari ya wuce ƙarfi, ranar sai ta koma ja. Ba ta hana ka karɓa, amma ba za ka ce ba ka sani ba.

Maƙwabcin shagonmu ne ya fara gani ya ce a sa masa. Daga shi sai wasu huɗu. Ban yi niyyar sayarwa ba, su suka ce in yanka kuɗi don kada in gaji in bari. Na sa naira dubu uku a wata, na je na yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na buɗe asusu daban. Kafin azumin 2025, wanda aka fara ranar 1 ga Maris, shaguna ashirin da uku ne a kai, har da na mata guda biyar.

A nan karatun akanta ya yi mini rana, don wannan kasuwanci da naira kake karɓa, da dala kake biya. A lokacin kuɗin wata na dandalin dala 25 ne, dala kuma tana sama da naira 1,500. Wato shaguna goma sha uku na farko dandalin suke yi wa aiki, ba ni ba. Katin bankina na naira ba ya biya a waje a lokacin, sai da na nemi katin dala na intanet, shi ma da nasa cajin. Bayan haka kowace magana da ka yi wa na'urar tana cin wani kaso daga abin da ka saya, kamar katin waya. Wata rana sai ta kama gyara abu ɗaya tana ɓata wani, ka ce ta gyara wancan ta dawo da na farko, kana zaune kana kallon kuɗinka na ƙonewa. Na taɓa cinye kason wata guda a dare biyu a kan maɓallin buga rasit. A watan Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Da manhajar ce ke tura wa kwastoma tes idan kayansa sun kammala. Na cire wannan, na sa maɓallin da zai buɗe WhatsApp ɗin telan da saƙon a rubuce, shi kawai ya tura.

Ranar 19 ga azumi, bayan an sauko daga tarawihi, wayata ta yi ƙara. Wata Hajiya ce mai shagon ɗinkin mata, babbar mace da nake jin nauyinta ƙwarai. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba.

Ta ce, "Malam, wa ka ba lambobin kwastomomina?"

Na ce, "Hajiya, wallahi ban ba kowa ba."

Ta ce wata amarya da take yi wa ɗinkin biki ta kira ta tana kuka. Wani namiji da ba ta sani ba ya turo mata saƙo, ya ambaci sunanta, ya ambaci ranar da za ta karɓi kayanta, har ya faɗi wani abu daga cikin awonta. Yarinyar ba ta ba kowa wannan awo ba sai Hajiya, Hajiya kuma ba ta sa shi ko'ina ba sai a manhajata.

Jikina ya yi sanyi, don nan take na tuna abin da na yi kwana uku kafin nan. Wani tela ya yi ƙorafin cewa idan ya nemi suna wani lokaci ba ya fitowa. Ina cikin hada-hadar ɗinkin Sallah, ido ba barci, na rubuta wa na'urar cewa ta sa neman suna ya riƙa fito da kowa da kowa. Ta yi abin da na ce. Na gwada a shagonmu na ga suna na fitowa, na tura wa mutane, na koma kan keke. Ban gwada ko sunan wani shago zai fito ba. Na shiga da asusun maƙwabcina na rubuta harafi ɗaya, sai ga matan Hajiya sun jeru, da lambobinsu da awonsu. Daga baya aka gano wani yaron shago ne a wani wuri ya ci karo da su.

Na rufe manhajar gaba ɗaya a daren. Saura kwana goma sha ɗaya Sallah, shaguna ashirin da uku sun dogara da ita, wasu sun daina rubutu a littafi saboda ni. Kafin sahur kira ya fi talatin. Da gari ya waye na fitar da bayanan kowane shago daban, na je wurin masu buga takardu aka buga, na hau adaidaita sahu na bi su ɗaya bayan ɗaya da azumi a bakina, ina miƙa wa kowa nasa ina faɗa masa gaskiyar abin da ya faru. Wasu sun yi mini addu'a, wasu sun faɗa mini maganar da har yau ina jin ta.

Ƙanwar matata ta karanta kimiyyar kwamfuta, tana aiki a Kaduna. Tun farko matata ta ce in nuna mata abin da nake yi, na ce ai na'urar ta isa. A daren na kira ta. Ta shiga ta duba kusan awa biyu, sannan ta kira ni.

Ta ce, "Yaya, ba shekaranjiya matsalar ta fara ba. Gida ka gina mai ɗaki ashirin da uku, amma labule ka sa wa kowane ɗaki, babu ƙofa ko ɗaya. Gyaran da ka yi labulen kawai ya yaye."

Ta yi mini bayani cewa duk bayanan shagunan a rumbu ɗaya suke. Abin da ke hana wani ganin na wani, allon wayar ne kawai yake ɓoyewa, shi rumbun ba a kafa masa dokar cewa kowa nasa kaɗai zai ɗauka ba. Duk wanda ya san kan abin zai iya kwashe komai tun ranar farko. Na ce to me ya sa na'urar ba ta gaya mini ba? Ta ce, "Ka tambaye ta, Yaya?" Ban tambaya ba, don ban san akwai irin wannan tambayar ba. Ita ce kuma ta sanar da ni cewa tun watan Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, kuma a idon dokar nan wanda ya tara bayanan shi ke da alhakin tsare su. Dare biyu ta yi tana aiki, ta sa wa kowane ɗaki ƙofarsa, ta buɗe asusun gwaji guda biyu tana ƙoƙarin shiga ɗaya daga ɗaya har ta tabbatar ba hanya. A rana ta uku muka buɗe.

Kawu ne ya ce ba a ba da irin wannan haƙuri ta waya. Ya sa babbar rigarsa muka tafi gidan Hajiya bayan la'asar. Shi ya yi magana, ni kaina na ƙasa. Ya ce mata, "Hajiya, yaron nan ɗana ne, amana aka ba shi ta zube a hannunsa. Ba mu zo kare kai ba." Ta ce ta yafe, amma in goge duk abin da ya shafi shagonta a gabanta. Na goge tana kallo. Ta haɗa mu da wan amaryar, shi ma muka je. Yaron da ya tura saƙon maigidansa ya sallame shi. Shaguna bakwai suka fita a wannan makon, huɗu daga cikinsu na mata. Hajiya ba ta dawo ba har yau, kuma ban taɓa roƙonta ta dawo ba. Duk Sallah ina zuwa gaishe ta.

Na so in bar abin gaba ɗaya. Abin da ya tsayar da ni shi ne ranar Sallah, 30 ga Maris, da na ga saƙon wani tela daga Kurna. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana ɗinki, bana ne karon farko da ya je Idi bai ɓoye wa kowa ba, don da ranar ta koma ja ya daina karɓar aiki.

Tun daga nan na sauya yadda nake aiki. Manhajar biyu ce yanzu, ta gwaji da ta mutane, kuma ba abin da ke tsallakawa sai ya kwana uku a ta gwaji. Daga tsakiyar Sha'aban har a sauko Idi ba na taɓa komai, haka ma mako uku kafin Babbar Sallah, ko wa ya yi ƙorafi sai dai ya yi haƙuri. Duk gyaran da ya shafi shiga asusu ko kuɗi, sai ƙanwar matata ta karanta abin da na'urar ta rubuta, kuma biyanta nake yi duk wata, ba alfarma ba. Kowace Juma'a ina sauke kwafin bayanan kowa in ajiye a wuri biyu. Ta kuma sa na kwafe rubutun manhajar kansa zuwa GitHub, wani shafin intanet da ake ajiye rubutun manhajoji, saboda dandalin da na gina ta a kai haya nake yi a cikinsa. Masu shi suna wata ƙasa, ba su san da ni ba, ranar da suka ga dama za su iya ƙara kuɗi ko su sauya tsari.

Ina jin samari suna cewa yanzu an gama da masu karatun kwamfuta, kowa zai gina abinsa. Raina yana ɓaci idan na ji haka, don ni na san abin da rashin ƙanwar matata ya jawo wa wata baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba. Na'urar tana da saurin aiki irin na yaron shago mai hannu, wanda zai yanka duk abin da ka nuna masa ba tare da ya tambaye ka ko yadin na mutane ne ba. Ina amfani da ita kullum, kuma ba don ita ba da har yanzu ina jan allo ina neman suna. Amma yanzu kafin in ce ta yi abu, sai na fara tambayarta me wannan gyaran zai iya ɓatawa, wa zai iya ganin me, sannan in gwada da hannuna ko ta faɗi daidai.

Yau shaguna arba'in da ɗaya ne a kai. Akwai na Zariya, akwai na Gusau, akwai wani a Maraɗi da ya sa na ƙara santimita, don su can ba da inci suke awo ba. Kuɗinsa ta hannun wani ɗan kasuwar Kwari yake aiko mini. Abin da ke saura bayan an biya dala da data da mai dubawa bai kai abin da keke ke kawo mini ba, amma shi ke biyan kuɗin makarantar yarana biyu. Har yanzu da safe ina yanka, sai bayan isha'i nake buɗe kwamfuta.

Kawu idonsa ya yi rauni, ya daina zare allura da kansa. Idan kwastoma ya zo sai ya ce, "Duba mana awonsa a wayar taka." In karanto masa, shi kuma ya jawo littafi ya rubuta da manyan haruffa, kamar yadda ya saba. Sabon littafi na saya masa bayan ruwan nan, na goma. Da shi da shidan da suka tsira da ragowar ukun da suka jiƙe, duk suna cikin wata jakar leda mai kauri a kanta ta sama, nesa da inda kwanon ya taɓa yoyo.